Zare Shida a Moton Alhaji Sada

Duk wanda moton injinsa ya ƙone a ƙasar Birnin Kudu, daga Wurno zuwa Kangire har Sundimina, in ya tambaya ina zai kai, rumfar Malam Dabo za a nuna masa, can bayan tasha. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana zaune a wurin. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Amma ka kawo masa moton da ya ƙone ƙurmus, zai buɗe shi, ya zare tsohuwar wayar, ya ƙirga zagayenta ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe kamar mai jan carbi, ya naɗa sabuwa daidai adadin nan, ya shafe da banish, ya gasa. In ya ce maka ɗauki abinka, to ɗauki, ba za ka dawo ba sai dai don gaisuwa. Ba shi da wata gonar kirki, ba shi da shanu. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara.

Babban moto, irin mai cin layin wuta uku, naɗi uku ne a cikinsa. Kowane naɗi yana da kai yana da jela, wayoyi shida ke nan suke leƙowa waje. In an haɗa su daidai moto ya tashi lafiya. In aka juya ko da guda ɗaya, sai ya tsaya yana gurnani yana zafi har ya cinye kansa. Waɗanda suka yi makaranta haruffan boko suke maƙalawa a jikin wayoyin don kada su rikice. Shi Dabo zare yake ɗaurawa, yadda maigidansa na Kano ya koya masa tun yana saurayi: jan zare a kai, baƙin zare a jela, naɗin farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, na uku ƙulli uku. Mutanen Birnin Kudu sun saba gani, ko a jikinsu.

Mutanen Gwaram ne ba su saba ba.

Alhaji Sada yana da injin casar shinkafa a Gwaram. A da, in motonsa ya lalace Kano yake aikawa. Wannan karon sai ya ƙone ana tsakiyar kaka, mata sun turara shinkafa sun shanya, buhuna sun taru a ƙofar injin. Maikano, wanda shi ma yake da injin casa a ɗaya gefen garin, shi ya ce masa me zai kai shi Kano, ga Dabo nan kusa. Su biyun ba faɗa suke yi ba, suna gaisawa har da dariya, amma kowa ya san buhun da ya shiga injin wannan ya wuce wancan ke nan.

Dabo ya yi aikin cikin kwana huɗu. Ranar Laraba aka zo ɗauka a a-kori-kura. Moton tsoho ne, murfin akwatin wayoyinsa ya daɗe da ɓacewa, don haka wayoyin shida suna reto a waje da zarensu. Dabo ya ce wa direban ya gaya wa Alhaji kada kowa ya taɓa, ranar Asabar zai zo da kansa ya haɗa. Direba ya ce to. Moto ya isa Gwaram, saƙo bai isa ba.

A zauren gidan Alhaji aka sauke shi saboda ɓarayin waya. Washegari da hantsi Inna Fatsuma, mahaifiyar Alhaji, ta fito za ta gidan suna, sai idonta ya faɗa kan zaren. Tsohuwa ce da ta ga jiya ta ga yau, ta sha ganin abin da ake tonowa a ƙofar ɗakin mutane. Ta sunkuya ta duba da kyau. Ja da baƙi, an ƙulla, kuma ƙullin a ƙirge yake, ba na ganganci ba ne. Ta tambaya wa ya nuna wa ɗanta mai gyaran nan, aka ce Maikano. Ba ta ƙara tambayar komai ba. Ta sa aka miƙo mata reza, ta yi bisimilla, ta yanke su duka shida, ta kai murhu, ta tsaya a kansu har suka zama toka. Sannan ta tafi sunanta.

Alhaji ya so a jira mai naɗin ya zo. Amma mata sun cika masa kunne, don haka ya matsa wa Rabi'u, magidancin da yake kula masa da injin, ya haɗa. Rabi'u ya dubi wayoyi shida duk kamarsu ɗaya, ya haɗa yadda ransa ya ba shi. Aka ta da janareta. Moto ya yi gurnani, ya girgiza, ya ƙi juyawa, janareta ya shaƙe ya mutu. Kafin la'asar babu wanda bai ji ba a Gwaram cewa an haɗa baki da mai naɗi na Birnin Kudu an ɗaure injin Alhaji Sada.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani manomi daga Kangire da ya kawo moton famfon ban-ruwansa ya zo rumfar Dabo ya ce a ba shi abinsa haka nan a buɗe. Dabo ya tambaye shi ko lafiya. Mutumin ya yi ta sosa ƙeya yana kallon ƙasa, daga baya ya faɗi abin da fasinjojin Gwaram suke faɗa a tasha. Dabo da kansa ya tattara masa kusoshin a leda, ya taya shi ɗaurawa a babur. Ko rabin awa ba a yi ba Alhaji Sada ya bugo waya, ya ce gobe ya zo, in moton nan bai tashi ba gaban mai gari za su, kuma ranar kasuwa zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi.

Da safe Dabo ya sa mitarsa ta awon wuta mai allura a jaka, da ƙwan fitilar babur, da filaya, da salatif. Bai saka tufafinsa na aiki ba. Farar shaddarsa ta zuwa Juma'a ya saka, ya kafa hula, ya shiga motar Gwaram.

Ya tarar da ƙofar injin kamar ana rabon gado. Mata a kan buhunansu, 'yan acaba sun jera babura, dattawa a kan benci, Inna Fatsuma a kan tabarma a gindin darbejiya. Ya yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Alhaji ya miƙo masa hannu da ƙyar.

"Malam Dabo, ni ban san ka ba, sunanka na ji. Abin da aka gani a jikin moton nan, kai ka ɗaura?"

"Ni na ɗaura, Alhaji. Da hannuna."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Inna ta ce ai ga shi nan ya faɗa da bakinsa. Dabo ya taka har gabanta, ya rage tsawo ya gaishe ta yadda ya kamata, sannan ya tambaye ta guda nawa ta yanke. Ta ce shida. Ya ce ƙullin fa? Ta lissafo masa babu gargada, ɗaya, biyu, uku a ja, ɗaya, biyu, uku a baƙi.

"Lissafinki daidai yake, Inna. Da kin riƙe wace waya kowanne yake kai, da kin hutar da ni zuwa."

Ya bayyana musu abin da zaren yake nufi, kai da jela, naɗi na farko da na biyu da na uku. Yana magana yana kallon fuskoki, ya ga babu wanda maganar ta shiga. Wani dattijo ma cewa ya yi ai duk mai irin wannan aiki da bayaninsa a aljihu yake yawo. Dabo ya gane baki ba zai fitar da shi ba. Ya naɗe hannun riga.

Da farko ya durƙusa ya kai hancinsa bakin moton ya shinshina, ya sake shinshinawa ta baya. Banish bai ƙone ba, da warin ya gaya masa. A nan ne hankalinsa ya ɗan kwanta, amma bai bari an gani ba. Ya tambayi Rabi'u tsawon yaushe moton ya yi gurnani. Rabi'u ya ce bai kai a ƙirga goma ba janareta ya mutu.

"Ka gode wa Allah da ya haɗa ka da janaretan da ya fi ka hankali."

Wasu 'yan acaba suka yi dariya, Alhaji ya harare su suka yi shiru.

Dabo ya warware duk abin da Rabi'u ya haɗa, ya ce a samo masa batir. Alhaji ya ce akwai babba sabo fil a sito, bara ya saye shi, ko wata uku bai yi yana aiki ba. Mutum biyu suka kinkimo shi. Dabo ya ce abin da zai fara yi shi ne gano wace waya da wace suke naɗi ɗaya. Zai jona batir da ƙwan fitila a waya guda, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, wadda ta kunna ƙwan ita ce 'yar'uwarta. Ya taɓa ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Har ta biyar ƙwai bai ko ƙyafta ba.

Guna-gunin ya dawo, ya fi na ɗazu. Inna ta gyara zama. Gumi ya tsattsafo wa Dabo a ƙarƙashin hula, don in da gaske babu wayar da za ta kunna, to naɗin ya tsinke a ciki, kuma babu wanda zai yarda ba ƙona zaren ne ya karya abin ba. Amma naɗi uku ba sa tsinkewa lokaci ɗaya babu wari. Ya cire ƙwan ya ɗora shi kai tsaye a kan batirin. Ko ja bai yi ba.

Ya buɗe murafun batirin ya leƙa, ya tambaya ina aka ajiye shi. Aka ce a sito, ƙarƙashin kwano, tun da aka cire shi bara. Ya tambaya ko an cika masa caji kafin a ajiye. Rabi'u ya ce ai don ya yi sanyi ne ma aka cire shi. Ruwa fa? Rabi'u ya ce da ya ga ya ja baya ya ƙara masa na rijiya, mai kyau, tatacce.

Dabo ya mayar da murafun a hankali. Ya ce batir ba buhun gero ba ne da za ka jingine ka manta. Ko ba ya aiki yana zubar da cajinsa kaɗan-kaɗan, zafin kwano kuma yana ƙara masa gudu. In ya kwanta babu caji wata da watanni, farin abu yake kama farantan cikinsa ya ƙafe, ko an kai shi caji ba ya ƙara riƙewa. Ajiyarsa ita ce a cika shi, a cire masa wayoyi, a sa shi wuri mai sanyi, a riƙa waiwayarsa da caji duk bayan wata ɗaya ko biyu. Ruwan rijiya kuma kome kyansa a ido akwai gishirin ƙasa a ciki, ruwan batir na kwalba kaɗai ake ba shi.

"Wannan dai yau na fara ganinsa, Alhaji. Kada gobe a ce ni ne."

Wannan karon har dattawan kan benci sai da suka murmusa. Wani ɗan acaba ya kwance batirin babur ɗinsa ya kawo. Waya ta uku da Dabo ya taɓa, ƙwai ya kama tar. Ya ware biyun nan gefe, ya gano biyu na gaba, ragowar biyun ma suka kunna. Naɗi uku, duk da ransu.

Ya ciro salatif ya miƙa wa Alhaji da biro. Ya ce tun da zarensa ba ya kwana a Gwaram, Alhaji ya rubuta lamba da hannunsa ya liƙa, kowa yana gani. Alhaji ya tattare babbar riga ya tsuguna, ya rubuta ɗaya, biyu, uku.

Saura mai wuyar, wato gane kai da jela, don ƙwai ba ya faɗin wannan. Dabo ya jona mitarsa a naɗi na biyu, ya ɗauki wayoyin naɗi na farko ya ɗan taɓa su a batir ya ɗauke. Allurar ta zabura gefe ɗaya ta dawo. Ya sake, ta sake zabura can. Ya ce wa Alhaji wuta in ta shiga naɗi ɗaya sai maƙwabcinsa ya ji a jikinsa, gefen da allura ta zabura shi yake gaya masa inda kan maƙwabcin yake. Ya nuna waya, Alhaji ya sa mata alama. Ya mayar da mita kan naɗi na uku ya yi haka nan.

Da ya gama sai ya tattara kawunan uku ya murɗe wuri ɗaya, jelolin uku wuri ɗaya, ya sa mita a tsakaninsu. Ya ture batirin gefe. Sannan ya juya wajen darbejiya.

"Inna, idon da ya ga ƙulli a zaure ba zai kasa ganin allura ba. Ki zo ki zama alƙali."

Ta miƙe ta zo, mata suka biyo ta. Ya ce mata za a juya moton da hannu, babu wuta babu komai. In ya haɗa daidai, ukun za su kashe na juna, allura ba za ta motsa ba. In akwai wadda ta juye, za ta yi ta rawa. Rabi'u ya kama fulin da ake ɗora bel ya wulwula. Allura ta tsaya cak kamar an zana ta.

Inna ta ce ita ba ta ga komai ba, abin da bai motsa ba ai yana iya zama matacce ne kamar batirin ɗanta. Dabo ya ji daɗin wannan magana har cikin ransa, don da shi ne ma abin da zai ce ke nan. Ya ce ta zaɓi naɗin da take so. Ta nuna na biyu da bakin carbinta. Ya juya shi, kai a jela, jela a kai. Rabi'u ya wulwula, allura ta kama kaɗawa hagu da dama. Ya mayar daidai, ta tsaya. Inna ta ce a yi da na uku. Aka yi. Ta ce a sake na biyun. Aka sake. Daga nan ba ta koma tabarma ba.

Dabo ya goge ɗan allon ƙarfen da ke jikin moton da babban yatsa. Ba ya karanta rubutun, amma ya san lambar wutar da alamomin nan biyu kamar yadda ya san 'ya'yansa. In alama mai kamar gwafa ce, sita ake yi, a haɗe jeloli uku wuri ɗaya a ba kawuna wuta. Ta wannan moton mai kusurwa uku ce, wato dalta. Ya haɗa jelar na ɗaya da kan na biyu, jelar na biyu da kan na uku, jelar na uku ta zagayo kan na ɗaya. Ya jona layin janareta uku a mahaɗan nan uku, ya naɗe kowace da salatif, ya ce a ja da baya, a tayar.

Janareta ya tashi. Rabi'u ya ɗaga makunni yana kau da fuska. Moto ya ɗauka nan take da wata siririyar ƙara mai daɗi, babu gurnani babu girgiza. Sai dai Rabi'u ya duba ya ce ai baya yake yi. Dattijon nan na ɗazu ya ce to ga shi kuwa, injin da aka juya wa ƙwaƙwalwa.

Dabo ko ɗaga kai bai yi ba. Ya sa aka kashe janareta, ya musanya biyu daga cikin layukan wutar, ya ce a sake. Moto ya juya gaba. Aka ɗora bel, aka zuba buhun farko, wata mata mai suna Murja ce da shi, tun Talata take jira. Injin ya haɗiya, ƙaiƙayi ya tashi ta baya, shinkafa ta fara zubowa a kwano fes. Mata suka yi ca a kan layi, kowace tana cewa ita ce ta biyu.

Bai yarda ya matsa ba sai da aka casa buhu biyar. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a gadon bayan moton ya bar shi a nan, ya ce Alhaji ma ya ɗora. Ɗumi ne kawai irin na jikin mai lafiya. Inna ma ta miƙo hannu ta taɓa. Ta ce ita dai ko gobe ta ga ƙulli a gidan ɗanta sai ta yanke, amma wannan bawan Allah aikinsa ya yi, ita ta shiga hakkinsa, a kawo masa fura mai kyau ba irin ta kasuwa ba.

Ana haka aka kira azahar. Wani ya ɗauko buta zai miƙa wa Dabo ya wanke baƙin man hannunsa kafin alwala. Alhaji Sada ya karɓe butar. Ya juya ya fuskanci dattawa da 'yan acaba da duk wanda yake wurin, ya ɗaga murya yadda za ta fi ta injin.

"Jama'a, da bakina na ɓata mutumin nan, a nan wurin. Duk wanda ya kai waccan magana wani gari, don Allah ya kai wannan ma. Ku 'yan acaba ku kuka fi kowa ƙafa, ku fara da tashar Birnin Kudu."

Sannan ya sunkuya, da babbar rigarsa da komai, ya fara zuba wa Dabo ruwa. Wani da ba Dabo ba da ya yi saurin karɓe butar ya ce haba Alhaji. Shi kuwa hannu ya tara. Ya cuɗa sabulu, ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwaƙule ƙarƙashin farce, bai yi gaggawa ba ko kaɗan, jama'a suna tsaye suna kallo. Ruwan ya ƙare saura hannun hagu. Dabo ya ɗago ya dubi Alhaji, Alhaji ya tafi randa da kansa ya ciko.